Layar Lauratu Mai Fura

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Ƙauran Namoda a shekarun nan da aka yanko mana jihar Zamfara ya san furar Lauratu. Gindin dalbejiyar bakin tasha take zama da ƙorenta uku da ludayi shida, nono kuwa daga rugar Banga ake kawo mata shi kowace safiya. Doguwar mace ce mai kaifin baki. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Firdausi, wadda ke aure a Maraɗi. Wannan kowa ya sani. Abin da ba wanda ya sani shi ne Lauratu tana da farfaɗiya.

Shekara tara ke nan tana ɓoyon abin, kuma ban ga laifinta ba, don na san mu. In mutum ya faɗi yana kumfar baki, darewa muke yi mu ba shi fili, wai miyansa in ya taɓa ka kai ma ka ɗauka. Malaman asibiti sun faɗa har sun gaji cewa ƙarya ce, amma kunnenmu na ƙashi ne. To wa zai sa ludayin mai farfaɗiya a baki? Ran da maganar ta fita, ran nan gindin dalbejiya zai zama na awaki. Ita kuwa da ƙwaryar nan ta aurar da 'yarta, da ita take ci.

Wani likita ne a Gusau ya ɗora ta a kan 'yan ƙwayoyi farare, ɗaya da safe ɗaya da la'asar. Tun da ta fara sha sau ɗaya tak ta faɗi, lokacin da maganin ya yanke mata kwana huɗu. Kusa da murhu abin ya same ta, ya bar mata tabon ƙuna daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Ta ce wa maƙwabta man gyaɗa ne ya zubo mata. Daga ranar ba ta sake wasa da ƙwayar nan ba. In ta karɓo, sai ta juye ta cikin wani tsohon gwangwanin man shafawa, ledar asibitin mai rubutu kuma ta cusa a wuta, kada wani ɗan boko ya karanta.

A daminar shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aka aiko daga Maraɗi cewa Firdausi ta haihu, amma sai da aka yi mata aiki, ba ta iya zuwa gida wanka. Dole uwa ta je. Kafin ta haɗa garin kunu da yaji, Gusau ta fara nufa.

Likita ya tambaye ta kwana nawa za ta yi. Ta ce arba'in, ƙila ta ƙara. Ya rubuta mata na wata biyu, ƙwaya ɗari da ashirin, sannan ya jawo farar takarda ya yi dogon rubutu, ya sa hannu, ya buga hatimi.

Ya ce, "Hajiya, ki saurare ni. Wannan maganin 'yan shaye-shaye na nemansa, saboda haka a bakin iyaka za a tambaye ki. Ga takarda, na rubuta sunanki da sunan maganin da yawansa da ciwon da ake ba ki shi dominsa. Ki bar maganin cikin ledarsa mai rubutu. Takardar kuma kada ta jiƙe, kada ta rabu da jikinki."

Lauratu ta ɗauki rabin maganar ta bar masa rabi. Tana isa gida ta juye ƙwayoyin a gwangwani kamar yadda ta saba. Ledar ce dai ta kasa ƙonawa wannan karon, sai ta ninke ta cikin takardar. Ta zauna tana kallon takardar nan kamar kunama a tafin hannu, tunda asirinta na shekara tara ne kwance a ciki da tawada. An ce kada ta jiƙe, ga damina. An ce kada ta rabu da jiki. Ita kuma ta ƙara da nata sharaɗin, kada ido ya gan ta. A garinmu hanya ɗaya aka sani ta adana rubutu irin haka, don haka ta nufi rumfar Sodangi baduku.

Sodangi ya juya takardar sama da ƙasa, don bai san boko ba. Ya ce, "Wanga wane irin malami na? Ban taɓa ganin laya da hatimin biro ba."

Ta ce, "Na Gusau na. Ɗinke kawai, kuma ka matse ta da kyau."

Ya ɗinke ta cikin jar fata, ya sa mata igiya. Ta rataya a wuya ta ji hankalinta ya kwanta.

Ranar tafiya ta shiga fijon Maitama, direban da ya shekara goma yana karya kumallo da furarta. Saboda sabuwar doka, maza gaba mata baya. A kujerar bayan aka matse ta da Saliha, maƙwabciyarta mai sarin atamfa a Maraɗi, matar da in ta ji labari da hantsi, kafin azahar ya kai Shinkafi. Labarin gidanta ne kaɗai ba ta bayarwa. 'Yarta Salima shekara uku ba a gan ta ba, in aka tambaya sai ta ce tana Dauran wurin kakarta, ta ja zancen wani wuri.

A kujerar tsakiya akwai Nasidi, dillalin raguna daga Shinkafi. Gemunsa bai fi wata shida ba, tare da shari'a ya tsiro, amma wa'azinsa ya fi na limamin Juma'a tsawo. Kafin su kai Zurmi ya hango igiyar jar fata a wuyan Lauratu.

Ya ce, "Baiwar Allah, har yanzu da sauran masu rataya laya cikin Zamhwara? Ki tsinke wagga aba, ki dogara ga Allah."

Ta ce, "Malam, wuyanka ta ɗaure ko nawa?"

Motar ta kwashe da dariya, Nasidi ya haɗiye sauran wa'azinsa, amma ya riƙe ta a ciki.

A Zurmi suka tsaya shan mai. Lauratu ta fito da furar guzuri ta dama a ƙaramar ƙwarya, ludayi ɗaya ya zagaya mata, wani ya zagaya maza. Saliha ta sha ta sake sha, har da suɗe ludayi. Nasidi ma bai ce fura haramun ba ce.

Sun wuce Jibiya, sun fita hannun ma'aikatan Nijeriya lafiya, sai gab da la'asar suka isa shingen Nijar. Aka ce kowa ya sauko da kayansa ƙarƙashin rumfa ya kwance. Jami'in da ke binciken wani siriri ne mai furfura a gefen kai, ba ya sauri ba ya ɗaga murya. Ya duba garin kunu, ya shinshina yaji ya yi atishawa, ya ɗaga zannuwan jariri. Can ƙasa hannunsa ya ci karo da gwangwani. Ya girgiza shi, ya ji ƙara, ya buɗe.

Idon kowa ya koma kan teburin bincike. Ƙwayoyi farare tsirara, ba leda ba suna, cike da gwangwanin man shafawa.

Ya ce, "Madam, mi ne ne wannan?"

"Magani na."

"Na mi?"

Ta dubi Saliha, ta dubi Nasidi. Lauratun da ba a taɓa rufe wa baki a tasha ba, yau harshenta ya yi nauyi.

Ya ce, "Ina ordonas? Takardar likita nike nuhi. In akwai ta, ki wuce da abinki. In babu, ƙwaya ta tsaya nan. Ke dattijuwa ce, ba ni tsare ki, amma wannan ba ya shiga Nijar haka."

Ga hanya mai sauƙi an shimfiɗa mata. Ta bar gwangwani, ta hau mota, ba wanda ya ji komai. Sai dai ta san lissafin jikinta: kwana huɗu. Kwana huɗu ba magani, ga ta tsaye kan tukunyar ruwan wankan jego yana tafasa, ko jikanta na kwana goma a hannunta. Ta dubi tabon hannunta. Tsoro ya kama ta. Gaba kura, baya siyaki.

Ta cire layar daga wuya ta aza bisa tebur. Ta ce, "Ga takarda."

Jami'in ya dubi layar, ya dube ta. "Madam, ba tsari nac ce ba. Takarda."

"Ita ta. A ba ni reza."

Maitama ya zaro reza daga aljihu ya miƙa mata. Sodangi ya matse ɗinkin da gaske, kamar yadda aka ce masa, sai da ta yi gumi kafin fatar ta buɗe. Takardar ta fito a ƙudundune, ta ɗauki jan fata a gefe, amma ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Jami'in ya warware ta a hankali, ledar asibiti ta faɗo. Ya karanta ledar, ya karanta takardar yana bin layi da yatsa. Da Ingilishi aka rubuta, shi kuma Faransanci ya yi, amma sunan maganin da sunan ciwon kusan ɗaya suke a bakin Turawan biyu. Ya kira malamin lafiya na shingen, wanda ke duba katin rigakafi. Wannan ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya duba tambarin jikinta, ya gwada da abin da ke rubuce, suka ƙirga tare, ya gyaɗa kai.

Jami'in ya ɗago ya dubi Lauratu, ta gane ya gane. Ya ninke takardar rubutun na ciki, ya juye ƙwayoyin cikin ledarsu da hannunsa, ya miƙa mata.

Ya ce a hankali, "Takardarki daidai take. Gaba ki bar magani cikin ledarshi, takarda kuma a aljihu, ba cikin hwata ba. Allah shi ƙara sauƙi. Ki tahi."

Bai ƙara ko kalma ba. Mutumin kirki ne, ya rufa mata asiri, Allah ya rufa nasa. Lauratu ta ɗaure kayanta, tana ganin ta tsallake.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Tun kafin ta kai mota ta ji muryar Nasidi, ba ya ko sassautawa.

"Ni dai na ga ƙwaya da idona. Ɗari da ashirin. Wa ka shan ƙwaya ɗari da ashirin? Kuma kun ga sun yi ƙus-ƙus, an sallame ta. Ai biri ya yi kama da mutum. Shi ya sa direbobi ba su iya wuce hurar ga, ashe da abin da aka jehwa musu ciki. In munka koma, wagga magana sai ta kai gun hukuma."

Saliha ta dafa ƙirji. "Ni ko tun Zurmi nike jin kaina na juyawa."

A Zamfaran wannan shekarar, a ce mace na zuba ƙwaya a abin sha, ba maganar wasa ba ce. Bulala ce a bainar jama'a, in an yi sa'a. Lauratu ta tsaya da ƙullin kaya a kai. Za ta iya rantsuwa ta ce maganin hawan jini ne, wasu su yarda wasu su ƙi, ta ci gaba da ɓoyo kamar ɓarauniya a cikin gidanta. Sai ta ji wani abu ya taso mata, ba tsoro ba wannan karon. Haushi ne. Shekara tara tana shan magani a bayan ƙyaure, tana ƙona leda, tana ƙarya da man gyaɗa, don kada ran irin su Nasidi ya ɓaci. Me ta sata? Wa ta kashe?

Ta sauke kayan a ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta ce, "Malam Nasidi, juyo nan. Kai da ka iya ƙirga, ƙirga wanga. Shekara tara ina da hwarhwaɗiya."

Ba wanda ya motsa.

"Hwarhwaɗiya, wadda kuka gudu. Ita ar rubuce ga takardar ga, da hatimin likita. Maganinta na kunka gani, ɗaya da sahe ɗaya da la'asar." Ta janye mayafi ta ɗaga hannu. "Wanga tabo ba man gyaɗa ba na. Wuta ta, ran da magani ya yanke. Shekara tara kuna shan hurata, kai Maitama goma. Wa yaf faɗi cikinku? A nuna min shi."

Saliha ta ja da baya har ta taka kayan wani. Ta juya tana kakarin tofar da miyau, tana goge harshe da bakin mayafi, furar da ta riga ta wuce Jibiya a cikinta. Wa'azin Nasidi ya ƙare. Maitama ya sunkuyar da kai yana duban tayar da ba abin da ya same ta.

Lauratu ta dubi rana, ta ga la'asar ta yi. Nan tsakiyar fili, gaban ma'aikata da fasinjan motoci uku, ta buɗe leda ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta yi bisimilla da ƙarfi, ta kora da sauran furar guzuri. Ba ta taɓa shan maganin nan da ido a kanta ba sai ranar. Ta ce daga baya ko ɗacinsa ba ta ji ba.

Daga shingen zuwa Maraɗi, kujerar bayan da aka matsu a cikinta tun safe sai ga ta da fili. Saliha ta manne da ƙofa kamar za ta fita ta taga. Lauratu ta miƙe ƙafa ta yi zamanta.

Ta yi kwana arba'in da biyar a Maraɗi. Ta dafa ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, ta goya jikanta, ko jiri ba ta yi ba. Da za ta dawo, takardar na cikin aljihun lalitarta, maganin na cikin ledarsa. A shingen ta miƙa su tun ba a tambaya ba.

Labari kuwa ya riga ta isa Ƙaura da kwana arba'in da huɗu. Firdausi ta roƙe ta ta zauna Maraɗi, ta ƙi. Washegarin dawowarta ta share gindin dalbejiya, ta jera ƙore uku da ludayi shida, ta aza ledar magani bisa faifai inda kowa zai gani.

Ranar farko ba wanda ya zo. Direbobi suka riƙa gaishe ta daga nesa, irin gaisuwar da ake yi wa mai takaba. Maitama ya ɗaga mata hannu ya wuce wurin mai shayi, shi da a da yake cewa shayi abincin marasa lafiya ne. Wannan ta fi yi mata ciwo, ta kuwa yi kuka a gida, ba ta ɓoye wa kanta ba. Da yamma ta juye furar wa awakin maƙwabta. Rana ta biyu baƙi biyu 'yan Gusau suka sha, su ma don ba su ji ba ne. Rana ta uku mai kawo nono daga Banga ta ce ko a rage, Lauratu ta ce a kawo yadda aka saba. Kullum la'asar sai ta ɗaga ƙwayar sama kamar mai tallanta, sannan ta haɗiye.

Rana ta biyar, ana tsakiyar lodin motocin Shinkafi, tasha cike, sai ga Saliha. Ta zagayo ta bayan dalbejiya ta tsuguna nesa kaɗan, mayafi har goshi, kamar mai gyaran takalmi.

Ta ce ƙasa-ƙasa, "Lauratu, sannu da dawowa. Likitan ga naki na Gusau, mi as sunanshi?"

Lauratu ba ta dube ta ba, tana dama fura. "Wa ad da ciwo?"

Saliha ta ƙara jan mayafi. Da muryar ta fito, a karye ta fito. "Salima ba ta Dauran. Tana ƙuryar ɗakina. Shekara ukku. Mun yi turare, mun yi rubutu, mun yi yanka. Jiya sau biyu ta hwaɗi. Don Allah kada kowa shi ji."

Ludayin ya tsaya a hannun Lauratu. Ta tuna matar nan tana goge harshe a bakin iyaka, ta ji kamar ta watsa mata ƙwaryar a fuska. Sai kuma ta tuna Salima, 'yar yarinyar da ke zuwa sayen fura da kitso biyu tana tsalle, yanzu budurwa, shekara uku ba ta ga rana ba. Tausayi ya danne haushin, amma bai kashe shi ba.

Ta ce, "Ba suna kaɗai ba, da ƙahwata za ni kai ku. Amma ni na bar ƙus-ƙus, can bakin iyaka na baro shi."

Ta cika ludayi, ta kai bakinta ta kurɓi rabi, sannan ta miƙa wa Saliha sauran.

"Sha."

Saliha ta dubi ludayin, ta waiga. 'Yan kamasho sun bar kiran fasinja. Maitama na tsaye da kofin shayi a hannu, Nasidi na bisa benci da igiyar rago, duk idonsu na gindin dalbejiya. Hannun Lauratu bai sauka ba.

Saliha ta matso, ta karɓa da hannu biyu. Hawaye na zuba cikin furar, ta shanye.

Lauratu ta karɓi ludayinta ta mayar cikin ƙwarya. Ta ce, da muryar da take kiran masu saye, "Gobe da sahe, motar Gusau ta hwarko. Ki wanke ta, ki yi mata kitso. Kuma ta babbar ƙohwa za ki hito da ita."